Ni Na Ba Shi Ƙwayar

Sallama gare ku, 'yan uwa masu bibiyar shafin nan. Tun da na fara ba ku labarina da Mubashir nake karanta saƙonninku ɗaya bayan ɗaya. Jiya wata ta rubuto cewa irina ake kira mace ta gari, wai shekara ɗaya da rabi ina jiran mutum mai ciwon ƙashi ban gudu ba. Na karanta, na kife wayar a kan keken ɗinkina, na kasa ci gaba da aiki. Akwai abin da na tsallake tun farko, kuma da gangan na tsallake shi. Yau zan faɗa, in ya so ku janye yabonku.

Ga wadda yau ta fara shigowa, sunana Zelia, shekarata ashirin da shida, tela ce ni. A unguwar Nima aka haife ni, a gidan kakanmu mai ɗakuna tara da famfo ɗaya a tsakar gida. Mmata, mahaifiyata, ta rasu ina shekara tara, ƙanwar Baba, Gwaggo Mulikatu, ita ta riƙe ni. Baba kuwa, Alhaji Garuba, tsohon direban babbar mota ne. Yanzu daga masallaci sai tabarmarsa da rediyonsa.

Mubashir ɗan unguwar Maamobi ne, iyayensa daga garin Bawku suka zo. Sarin albasa yake yi tun kasuwar tana Agbogbloshie. A trotro, motar haya, muka haɗu, na taso daga kasuwar Makola da ƙunshin yadi ya fi ƙarfina, ya karɓa ya ɗora a cinyarsa har Nima bai ce mini komai ba. Sai da zan sauka ya ce, "Telan nan yana da lamba?" Na yi dariya, don Hausarsa ta Zongo ce zalla, mace da namiji duk "ya" ne a bakinsa. Ni dai zan rubuto muku maganarsa da Hausar gidanmu.

Dogo ne, siriri, irin wanda agogo ke yawo a hannunsa. Ni ban taɓa ganin aibin hakan ba sai ranar da ya zo gaida Baba. Ya sa kaftani ruwan toka mai sabon guga, ya durƙusa har ƙasa, Baba ya ji daɗinsa sosai. Yana fita Gwaggo ta kira ni bakin famfo, inda matan gida ke wanke-wanke.

"Zelia, wannan da kika kawo mana, lafiyarsa ƙalau kuwa?"

"Ƙalau, Gwaggo. Haka jikinsa yake."

"Haka jikinsa yake. Mutum kamar an rataye riga a ƙusa. Ranar aure in ya sa babbar riga sai an shiga da fitila an nemo shi."

Matan suka kwashe da dariya. Wata ta ce mutane za su ɗauka wani ciwo yake ɓoyewa. Ni ma na yi dariyar, amma maganar ta zauna mini. Daga ranar in muna tafiya tare sai in riƙa kallon wuyansa da tsintsiyar hannunsa, ina jin kamar kowa su yake kallo.

Ranar Laraba, ranar kasuwar Nima, akwai wata mata da ke zama can ciki da kwanon magunguna. 'Yan mata sun san ta, wajenta ake sayen maganin ƙiba in biki ya matso. Na je. Ta ƙullo mini wasu ƙananan ƙwayoyi farare a leda, ba kwali ba takarda. Ta ce ɗaya da safe ɗaya da yamma, wata biyu ba zan gane shi ba. Ko sunan maganin ban tambaya ba.

Na ce wa Mubashir bitamin ne.

"Ni da nake lafiya, me zan yi da bitamin?"

"To kawo abina. Ashe ban isa in ba ka abu ka karɓa ba."

Ya yi murmushi, ya fasa ruwan leda da haƙori, ya haɗiye ɗaya a gabana. Ya ce, "Shi ke nan? An daina fushin?"

Wata uku kumatunsa suka ciko, wuyansa ya yi kauri, har da ɗan tumbi. Gwaggo ta ce yanzu ta ga mutum. Na riƙa ɗora hotonsa a waya ƙawaye suna cewa ya yi kyau paa, wato sosai, me nake ba shi. Baba ya riga ya ce ba maganar aure sai na gama koyon ɗinki, shekara uku. Don haka duk Larabar ƙarshen wata ina wajen matar nan. Shekara biyu da wata huɗu ina sayowa, yana sha.

Ba wai ban ga alamu ba. Ya fara ƙorafin ciwon baya. Ƙafafunsa suka ƙanƙance alhali fuskarsa tana cika. Sau ɗaya ya ce zai daina, ya yi kwana biyar bai sha ba, sai jiri da amai da kasala suka kwantar da shi. Da na je duba shi kun san abin da na ce? Na ce, "Ka gani ko? Jikinka yana buƙatarsa." A cikin duk maganganun da na taɓa yi a duniya, wannan ce ta fi hana ni sukuni.

Wata Talata da hantsi ina yanka atamfa saƙonsa ya shigo.

"Zee ina asibiti. Bayana ne. Kar ki tsorata."

Rabin buhun albasa ya sunkuya zai gyara, abin da ya yi sau dubu. Ya ce sai ya ji ƙas a bayansa kamar an taka busasshen kara, ya kasa miƙewa. A bayan mota aka kwantar da shi aka kawo shi.

Na iske mahaifiyarsa, Mma Adiza, a bakin gadon. Koko da ƙosai take sayarwa a Maamobi, ko hannunta ba ta tsaya wankewa ba, da ƙullu a yatsunta ta taho. Tun farkon zuwana gidansu ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai "'yata". Kwana biyu aka yi ana hoto da gwaje-gwaje. A rana ta uku likitar ta zo da takardu, wata mata mai gilashi, tana magana da Turanci. Mma ba ta jin Turanci. Ta kamo hannuna ta ce, "'Yata, ke za ki riƙa faɗa mini."

Haka aka yi. Da bakina na gaya mata cewa ƙashi biyu na gadon bayan ɗanta sun lotsa. Da bakina na gaya mata cewa ƙasusuwansa duka sun yi sakayau kamar na tsoho, alhali shekararsa talatin da ɗaya. Likitar ta juya gare shi ta tambaye shi ko akwai maganin da ya daɗe yana sha. Ledar tana aljihun wandonsa, ya ciro ya miƙa. Ta zazzage a tafin hannu, ta juya ɗaya ta karanta ɗan rubutun da ke jiki, ta girgiza kai. Ta ce magani ne mai ƙarfi da ake ba masu wasu cututtuka bisa lissafi, in aka daɗe ana shansa barkatai yana kumbura fuska yana cinye ƙashi.

"Wa ya ba ka?"

Ya dube ni, kallo ɗaya, ya mayar da idonsa kan silin.

"Ni na saya. A kasuwa na ga abokai suna sha."

Na fassara wa Mma hakan ma, kalma da kalma. Ta ɗaga hannuwanta sama, muryarta ba ta ko tashi ba, ta ce, "Allah ya isa tsakanina da duk wanda ya koya wa ɗana shan wannan abu." Sannan ta dube ni tana jiran amsa, kamar yadda ake yi. Na ce, "Amin."

Mma ta ce in tambayi likitar, ita dai ta san laushin ƙashi ciwon tsofaffin mata ne, ta yaya zai kama namiji, kuma maganin mata zai yi masa aiki? Likitar ta ce maza ma suna kamuwa, sai dai ba a cika ganewa ba sai sun karye. Ta ce gaskiya ne an fi gwada magungunan a kan mata, amma an gwada a maza kuma yana ƙarfafa musu ƙashi yana rage karaya. Wanda ya riga ya lotsa ba zai miƙe ba, tsawon da ya rasa ba zai dawo ba. Abin da ake so shi ne kar wani ya ƙara karyewa. Ta ce waccan ƙwayar ma ba za a yanke masa ita rana ɗaya ba, sai a hankali, don jikinsa ya saba da ita. Bayan shekara ɗaya da rabi za a sake auna ƙashin a ga ko maganin ya karɓe shi.

Maganin ƙashin da aka rubuta masa ƙwaya ɗaya ce a sati. Ya zaɓi ranar Asabar. Bayan sallar asuba, cikinsa ba komai, da cikakken kofi na ruwa zalla. In ya haɗiye ba kwanciya, ba shayi, ba koko, sai ya yi rabin awa a tsaye ko a zaune a miƙe. Ga wasu ƙwayoyin na kullum, ga tafiyar ƙasa da aka ce ya riƙa yi kowace yamma, ga dokar ɗaukar kaya mai nauyi. Dole ya bar kasuwa. Ya koma zama a shagon gyaran waya na wani abokinsa yana koyo.

Duk ranar ganin likita ina raka shi. Bencin cike yake da tsofaffin mata da sandunansu, shi kaɗai ne namiji. Wata tsohuwa 'yar ƙabilar Ga takan matsa masa wuri ta ce angonsu ya iso. Yakan yi murmushi ya zauna, amma ina ganin yadda yake cije leɓe. A majalisarsu ta shan shayin ataya wani ya taɓa ce masa kar ya yi dariya da ƙarfi ya tsinke. Bai sake komawa can ba. Ƙibar ta zube cikin 'yan watanni, ya koma siririnsa, sai dai yanzu da ɗan ranƙwafawa. Da can in muna tsaye sai na ɗaga kai sosai nake ganin idonsa. Yanzu kaɗan nake ɗagawa.

Gwaggo kuwa, wadda ta ce ta ga mutum, ita ta fara juyawa.

"Ke yanzu mutumin da ake lallaɓawa kamar ƙwai za ki aura? Ranar da kika haihu wa zai ɗauki wa?"

"Gwaggo, yana shan magani."

"Maganin tsofaffi. Ga Abdulmajeed ɗan ƙawata zai zo daga Italiya da Salla, ya ga hotonki."

Na shiga ɗaki na yi kuka. Sau nawa na buɗe baki zan ce mata, Gwaggo, maganarki ta bakin famfo ce ta kai mu nan. Amma in na faɗi haka sai na faɗi sauran. Kuma a ƙasan raina na sani, ita magana kawai ta yi, ni ce na je kasuwa.

Baba ne ya raba gardamar. Ya kashe rediyonsa ya ce, "Mulikatu, yaron nan bai yi mana laifi ba. Likita ta ce a jira shekara ɗaya da rabi, mu ma za mu jira. In an auna an ce yana samun sauƙi, na ba shi. In aka ce akasin haka, sai mu zauna."

Na duƙufa. Na ɗinka masa matashin da zai riƙa jingina. Na riƙa kai masa miyar kuka da ƙananan kifi, don an ce suna da amfani ga ƙashi. Kowace Asabar ina idar da salla zan ɗauki waya.

"Ka sha?"

"Na sha. Ina tsaye a ƙofar gida, ina kallon masu kai biredi."

Haka yake amsawa a watannin farko. Daga baya ya koma "Na sha." Daga baya sai hoton babban yatsa kawai. Na ce wa kaina ciwo ne, mai ciwo ba ya son yawan magana. Maganar ƙwayar kuwa, tun ranar asibitin nan ba mu taɓa tayar da ita ba, ko sau ɗaya. Na ɗauka shirun nan yafiya ce.

Shekaranjiya Alhamis da rana wayata ta yi ƙara. Mma Adiza ce.

"'Yata, ashe haka Allah ya yi mana? Ke ma sai ki ɓoye mini?"

"Me ya faru, Mma?"

"Takardar mana. Yau na gan ta a ƙarƙashin katifarsa, na kai wa ɗan makwabta ya karanta mini, na tsare shi sai da ya faɗa. Wai tun satin da ya wuce aka auna. Ƙashin ya ƙara ƙarfi, ba sabuwar karaya."

Tun satin da ya wuce. Ni ya ce mini an ɗaga ranar zuwa wata mai zuwa.

Na ce wa kaina wataƙila so yake ya ba ni mamaki. Na ruga na gaya wa Baba. Ya yi hamdala, ya ce in gaya wa Mubashir ya turo manyansa ranar da suka shirya. Gwaggo ta taɓe baki ta ce Allah ya sa alheri.

Jiya bayan la'asar na yi wanka, na sa doguwar rigata mai ruwan ganye da na ɗinka tun Sallar bara ban taɓa sawa ba, na yafa farin mayafi, na ɗan shafa turaren da ya taɓa saya mini. Ban kira shi ba, na taka har Maamobi. Na same shi a benci ƙarƙashin bishiyar darbejiyar ƙofar gidansu, ya dawo daga tafiyarsa, silifas ɗinsa duk ƙura. Da ya gan ni ya matsa mini wuri.

"Mma ta gaya miki."

"Ta gaya mini. Baba ya ce ka turo." Na jira in ga fuskarsa ta sake. Ba ta sake ba. "Mubashir, me ya sa ka ce an ɗaga?"

Ya sunkuyar da kai.

"Likita ta ce maganin ya karɓe ni. Zan ci gaba da sha na wasu shekaru, amma ta ce in na kiyaye zan yi rayuwata kamar kowa."

"To ai abin murna ne."

"Abin murna ne. Amma Zee, ranar da zan je awon, addu'ar da na samu kaina ina yi ita ce kar sakamakon ya yi kyau. Allah ya yafe mini. Da bai yi kyau ba, da Baba ya raba mu cikin mutunci, ba sai na ce komai ba."

Na ce, "Ka daina sona ne?"

"Da na daina ai da sauƙi." Ya dubi titi. "Kin san rabin awar nan ta Asabar? Ina tsaye ni kaɗai, ba ci ba sha, bayana yana zafi. Ba abin da nake yi sai tunani. Kuma ke nake tunawa. Ina tuna ranar da na ce miki lafiyata ƙalau, kika yi fushi. Ina tuna ranar da na daina, kika ce jikina yana buƙata. Sai saƙonki ya shigo, 'Ka sha?' Haka kike tambayata lokacin waccan ƙwayar ma."

Hawaye suka zubo mini, na bar su.

"Na san ba ki sani ba," ya ce. "Wallahi na sani. Shi ya sa na ce ni na saya, kuma ko yau aka tambaye ni haka zan ce. Amma wata goma sha takwas, kin kawo mini abinci, kin raka ni asibiti, kin yi faɗa da Gwaggo a kaina. Ba ki taɓa ce mini 'ni na yi maka wannan' ba. Ko muna mu biyu."

Gaskiya ya faɗa. Na yi komai ban da wannan.

"Ni na yi maka," na ce. "Kunyar mutane ta sa na ji kunyar jikinka. Ka yafe mini."

Ya runtse ido, ya gyaɗa kai a hankali.

"Saura abu ɗaya," ya ce. "Bangon ɗakina da na Mma ɗaya ne. Kowace salla ina jin ta. Takan fara da kai ƙarar wanda ya koya mini shan ƙwayar, ta ce Allah kar ya bar shi ya ji daɗin duniya. Tana gamawa sai ta shiga yi miki addu'a, Allah ya ba 'yarta zuri'a, Allah ya saka mata. Sau biyar a rana nake jin duka biyun. Ba zan iya kawo ki gidan nan a haka ba."

"Kana so in gaya mata."

"Ban ce dole ba. Ni ba zan faɗa ba har abada. In kin ga ba za ki iya ba, ki koma gida, gobe zan je in ce wa Baba ni na janye saboda bayana. Ba wanda zai zarge ki. Yabonki ma za a yi."

Na san Mma Adiza. Mijinta ya rasu ya bar ta da ɗa ɗaya, da kuɗin koko ta raine shi. Na san yadda take kallonsa in zai tashi daga kujera, hannunta a miƙe kamar za ta tare shi.

Daga cikin gida muryarta ta taso. "Muryar wa nake ji a waje? 'Yata ce? Ke da gidanku kike zama a titi?"

Mubashir bai dube ni ba. Na miƙe, na goge fuskata da bakin mayafi. Hanyar Nima tana hannun hagu, ƙofar gidan tana dama. Na tsaya a tsakani har sai da ta sake kira.

Na same ta a kan tabarma a bakin ɗakinta tana tsince waken ƙosan gobe a faifai. Ta washe baki, ta janye kwano ta yi mini wuri kusa da ita.

"Masha Allah, wannan riga. Zo zauna nan. Me ya sami idonki ya yi ja?"

Ban zauna inda ta nuna ba. Na cire takalmina, na durƙusa a gabanta a kan siminti.

"Mma, mutumin nan da kike kai ƙararsa wajen Allah. Na san shi."

Hannunta ya tsaya cak a cikin waken. Ta ajiye faifan a gefe, ta gyara zama, ta kamo hannuwana biyu ta riƙe a nata.

"Faɗa mini, 'yata, kar ki ji tsoron kowa. Wane ne?"